Kafin Shiga Jirgin Ruwa: Yadda Ake Zaɓen Otal, Gidan Abinci da Wuraren Kallo a Birnin Tasha

Tambayoyi uku ne ke ta dawowa daga masu shirin balaguron shaƙatawa a jirgin ruwa. Mutum ya biya kuɗin jirgi, ya zaɓi ɗakinsa, har ya haddace sunayen garuruwan da za a yada zango, sai kuma ya tsaya cak a kan kwana ɗaya ko biyun da zai yi a birnin da jirgin zai taso. A ina zan sauka? Ina zan ci abinci? Me zan iya kallo ba tare da na makara ba? Na ga ya fi dacewa in amsa su a tare, bi da bi, domin a sarƙe suke, kuma abu guda ne ke juya su duka: wurin da jirgin yake tsaye da lokacin da zai rufe ƙofa. Daga nan ake fara lissafi a dawo baya. Jirgin da ke ɗauke da fasinja dubu uku ko biyar ba ya jiran mutum ɗaya, kuma wanda ya makara bisa sakacinsa kamfani ba ya mayar masa da ko sisi.

1. Gano ainihin inda jirgin yake tsayawa

Kafin ka buɗe kowace manhajar otal, ɗauko takardun da kamfanin jirgi ya aiko maka ka nemi abu uku: sunan tashar, suna ko lambar zauren fasinjojin da za ka shiga ta cikinsa, da lokacin da ake rufe karɓar mutane. Kada ka dogara da sunan birnin da ke jikin talla. Kamfanoni suna rubuta sunan da kowa ya sani ne saboda shi ke jawo kasuwa.

Idan an rubuta Rum, jirgin yana Civitavecchia, kimanin kilomita 80 daga tsakiyar birnin. Idan an rubuta Landan, mafi yawa Southampton ake nufi, tafiyar fiye da awa ɗaya a jirgin ƙasa daga tashar Waterloo, kuma a can ma zaurukan fasinjoji biyar ne, ba ta ƙofa ɗaya ake shigarsu ba. Orlando tana nufin Port Canaveral, kusan kilomita 70 daga filin jirgin sama. Atina tana nufin Piraeus. Na Venice ya fi ɗaure kai: tun daga 1 ga Agustan 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin, don haka wasu suna tsayawa a Marghera ko Fusina, wasu kuma an mayar da su Ravenna ko Trieste, inda sai mota ta yi awa biyu ko fiye kafin a isa. Mutum sai ya kama otal mai tsada a bakin ruwan Venice yana zaton da safe zai taka da ƙafa, ashe jirginsa yana wani gari daban.

Akwai kuma biranen da ke da tasha fiye da ɗaya. Dubai tana da Port Rashid da Dubai Harbour, kowace a nata ɓangaren. Singafo tana da Marina Bay da HarbourFront. Jiragen New York suna tashi daga Manhattan, ko Brooklyn, ko Cape Liberty da ke jihar New Jersey. Miami da Fort Lauderdale kuwa, waɗanda mutane ke yawan haɗa su a baki, fiye da kilomita 40 ne tsakanin tashoshinsu.

Da ka samu sunan zauren, saka shi a taswirar wayarka ka yi masa alama. Duk otal, gidan abinci ko wurin kallon da za ka duba daga yanzu, da wannan alamar za ka auna nisansa.

Hattara: hukumar tasha tana iya sauya wa jirgi zaure. Sake dubawa saura mako ɗaya, sannan a daren da za ka shiga.

2. Tsayar da ranar isowa

Shawarata a nan ba ta da lanƙwasa: kada ka sauka daga jirgin sama a ranar da jirgin ruwa zai tashi. Ko da lissafin takarda ya nuna akwai awa shida a tsakani, jinkirin tashi ɗaya, ko rasa jirgi na biyu a inda aka yi canji, ko dogon layin jami'an shige da fice, ya isa ya cinye su. Kwana ɗaya shi ne mafi ƙaranci. Idan tafiyar mai nisa ce, da canjin jirgi a hanya da bambancin agogo na awa biyar ko fiye, kwana biyu za ka ware.

Dalilin da mutane suka fi mantawa shi ne kaya. Akwatin da bai iso tare da kai ba, galibi a jirgi na gaba yake zuwa, wato washegari. Idan kana otal, a can za a kawo maka. Idan ka riga ka shiga teku, sai ya yi ta bin ka daga tasha zuwa tasha, wani lokaci har a gama tafiyar bai cim maka ba. In hakan ta faru, kada ka bar filin jirgi sai ka cike takardar ɓatan kaya a teburin kamfanin, ka karɓi lambar bibiya, ka ba su adireshin otal tare da sunan jirgin ruwa da ranar tashinsa.

Duba yanayin lokacin ma. Kakar guguwa a tekun Atlantika tana farawa 1 ga Yuni ta ƙare 30 ga Nuwamba, kuma takan hargitsa zirga-zirgar jiragen sama zuwa Florida. Ƙanƙara a lokacin hunturu tana yin irin wannan ɓarnar a filayen jirgin Turai da Arewacin Amurka.

Hattara da biza: kwanakin otal suna cikin lissafin bizarka, don haka ta fara aiki daga ranar da ka sauka, ta kuma wuce ranar da za ka bar ƙasar. Wanda ke buƙatar bizar Schengen, wato biza ɗaya da ake shiga ƙasashen Turai da yawa da ita, ya duba hanyar jirgin da kyau. Idan zai fita yankin, misali ya tsaya a Turkiyya ko Tunisiya ko Montenegro sannan ya dawo, bizar shiga sau da yawa ake bukata. Kamfanonin jirage da dama kuma suna neman fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ƙarshen tafiya. A bakin ƙofa ake duba waɗannan, kuma a nan ake mayar da mutum.

3. Cikin gari ko kusa da tasha?

A wasu biranen tambayar ba ta ma tasowa. A Santambul, tashar Galataport da aka buɗe a 2021 tana Karaköy, cikin gari sosai. A Basalona manyan jirage suna tsayawa a Moll Adossat, 'yan mintuna a tasi daga ƙarshen titin La Rambla. A Cape Town tashar tana gefen V&A Waterfront. A irin waɗannan wurare ka kama otal a tsakiyar gari, ka more birnin, da safe ka shiga tasi.

Inda tasha take nesa da birni ne ake yin zaɓi, kuma ga yadda nake yanke shi. Idan dare ɗaya gare ka kuma da yamma za ka sauka, wuce kai tsaye garin tashar ka kwana can. Babu abin da za ka gani a Rum da ƙarfe tara na dare bayan doguwar tafiya wanda ya kai darajar ka farka kana hango jirginka. Idan dare biyu ne ko fiye, zauna cikin babban birnin, amma ka zaɓi unguwar da ke kusa da hanyar fita. A Rum jiragen ƙasa masu zuwa Civitavecchia suna tashi daga babbar tashar Termini, da yawansu kuma suna tsayawa a tashoshin Ostiense, Trastevere da San Pietro. A Atina layi na 1 da layi na 3 na jirgin ƙarƙashin ƙasa duk suna isa Piraeus, kuma na 3 ɗin tun 2022 ya haɗa tashar da filin jirgin sama kai tsaye.

Wasu suna raba kwanakin, dare ɗaya a birni, dare ɗaya a bakin tasha. Ga mai ƙananan yara ko tsofaffi ban cika son wannan ba, saboda ɗaure kaya da kwance su sau biyu yana cinye rabin yini.

4. Tace otal ɗin

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Otal ɗin da ya dace da mai hutun mako guda da 'yar jakar baya ba lallai ya dace da kai ba, domin kai kana jan manyan akwatuna, dare ɗaya ko biyu za ka yi, kuma kana da alƙawarin da ba ya ɗaguwa.

Fara da sharaɗin sokewa. Za ka ga farashi biyu a ɗaki ɗaya, na araha wanda ba a mayar da kuɗinsa, da wanda ya ɗan ɗara shi amma ana iya soke shi kyauta har zuwa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Ɗauki na biyun. Kamfanonin jirage sukan sauya tashar tashi ko rana, kuma idan da kanka ka kama otal, ba su da alhakin biyan ka. Ka kuma kama da wuri, da zarar ka biya jirgi. Ranar da jirage uku ko huɗu za su tashi daga ƙaramin gari irin Civitavecchia ko Southampton, dubban mutane ne ke neman ɗaki a dare ɗaya, kuma na kirki su ke fara ƙarewa.

Sai tambayoyin da hotuna ba sa amsawa. Akwai lifta? A tsofaffin unguwannin Turai gine-gine da yawa ba su da ita, wasu kuma tasu ba ta ɗaukar fiye da mutum ɗaya da akwati ɗaya. Ka kuma san cewa abin da suke kira hawa na ɗaya a Turai, sai ka hau bene guda kafin ka kai shi. Mota tana iya zuwa har bakin ƙofa? Lunguna da yawa a tsakiyar Rum, da unguwar Gòtic ta Basalona, da Plaka ta Atina, na masu tafiya a ƙafa ne ko an taƙaita shigar motoci, sai direba ya sauke ka a bakin babban titi ka ja akwati mai kilo 23 a kan daɓen duwatsu, ƙafafunsa suna ƙara suna maƙalewa a kowane rami. A Venice kuma gadoji ne masu matakala, kowace sai an ɗaga kaya an haura. Akwai na'urar sanyaya ɗaki, kuma tana aiki a watan da za ka je? Teburin karɓar baƙi yana buɗe dare da rana? Suna ajiye kaya kafin a ba da ɗaki da bayan an fita? Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci saboda yawancin otal ba sa ba da ɗaki sai ƙarfe biyu ko uku na rana, alhali jiragen sama masu dogon zango da safe suke sauka.

Duk wanda ba ka ga amsarsa a rubuce ba, aika musu saƙo ka tambaya. Yadda suka amsa da saurin da suka amsa ma zai nuna maka irin gidan.

Wajen karanta ra'ayoyin waɗanda suka taɓa sauka, kada ka tsaya a kan jimillar maki. Jera su daga na baya-bayan nan, ka karanta na watanni uku ko shida da suka wuce, ka fi mai da hankali kan masu matsakaicin maki, don su suka fi faɗin gaskiya ba fushi ba zuzutawa. Ƙorafin mutum ɗaya ba hujja ba ne. Idan mutum biyar da ba su san juna ba suka ambaci hayaniyar dare, ko ƙwari a katifa, ko ruwan zafi da ba ya zuwa, ka yarda da su.

Gidajen haya na kwana-kwana irin na Airbnb suna da amfani ga iyali mai yawa da za su yi kwana uku ko huɗu. Na dare ɗaya kafin jirgi ban ba da shawararsu ba. Mai gida yana iya sokewa a ƙurarren lokaci, karɓar makulli da tsakar dare yakan zama aiki, ba mai kira maka tasi, ba kuma inda kamfanin jirgin sama zai ajiye akwatin da ya makara.

Hattara da kuɗin da ba sa cikin farashin farko. Birane da yawa na Turai, har da Rum, Basalona, Venice da Lisbon, suna karɓar harajin baƙi a kan kowane mutum kowane dare, kuma sau da yawa a otal ake biyansa. A Amurka, musamman Miami Beach, otal-otal da dama suna ƙara wani kuɗin hidima na dole a kowane dare, ga haraji a kai. Yawancinsu kuma za su riƙe wani adadi a katin bankinka a matsayin jingina, wanda kan ɗauki kwanaki kafin a sake shi. Ka tuna jirgin ruwan ma zai riƙe nasa a ranar shiga, saboda haka kada duka biyun su hau kati ɗaya mai ɗan kuɗi. Araha ba ta ado: otal mai sauƙin kuɗi da ke bayan gari, in ka haɗa da tasi zuwa da dawowa, yakan zarce na tsakiyar gari.

Kamfanin jirgin da kansa yana sayar da kwanan otal haɗe da mota zuwa tasha. Ya fi tsada, kuma galibi farashin na kowane mutum ne, ba na ɗaki ba, sai ka ninka kafin ka kwatanta. Amfaninsa shi ne idan motarsu ta makara, matsalar tasu ce. Ga wanda bai taɓa fita irin wannan tafiya ba, ko inda tasha take nesa kamar Ravenna, kuɗin bai tafi a banza ba.

5. Shirya motar zuwa tasha tun yanzu

Kada ka bar wannan sai safiyar tafiya. Idan otal ya ce yana da motar kai baƙi tasha, tambayi ko kyauta ce, ƙarfe nawa take tashi, kuma ko sai an rubuta suna. Da yawa kujerunsu ƙayyadaddu ne, wanda ya riga rubutawa shi ke samu.

Idan tasi ko motar haya ce, faɗa musu yawan mutane da yawan akwatuna. Mutum huɗu da manyan akwatuna huɗu ba sa shiga ƙaramar mota. Rubuta sunan jirgin da na zauren a takarda ka nuna wa direba, don tashar jiragen ruwa gari ce guda, kuma sauka a zauren da ba naka ba yana iya zama tafiyar kilomita biyu a rana.

Jirgin ƙasa ya fi araha nesa ba kusa ba, amma ba ya kai ka bakin jirgi. A Civitavecchia, daga tashar jirgin ƙasa sai ka ƙarasa wani dandali mai suna Largo della Pace, inda motocin tashar ke kwasar fasinja zuwa jiragensu. A Piraeus ma akwai tazara mai ɗan nisa tsakanin tashar jirgin ƙasa da zaurukan fasinjoji. Mai jaka ɗaya ba zai ji komai ba, mai akwati uku da yaro a hannu zai ji a jikinsa.

Hattara: yajin aikin ma'aikatan sufuri ba baƙon abu ba ne a Italiya, Faransa da Girka, kuma yawanci ana sanar da shi tun kafin ranar. Bincika ranarka. A Italiya ana tabbatar da wasu jiragen ƙasa na yanki daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe da 6 zuwa 9 na yamma a ranakun aiki, amma ni ba zan ɗora shiga jirgina a kan wannan ba. In an sa yajin aiki, kama mota.

6. Zaɓi abin kallo: babba ɗaya ya isa

Kuskuren da na fi gani shi ne cusa birni guda cikin yini ɗaya. Mutum ya sauka da gajiya, bai yi barci ba, ya ce sai ya ga wurare shida, sai ya shiga jirgi da kumburarrun ƙafafu ya kwashe kwana biyun farko na tafiyar da ya biya kuɗi mai yawa a kwance. Zaɓi babban wuri ɗaya a kowane yini, ka ƙara da yawo a unguwar da ke kewaye da shi.

Da farko cire duk abin da za ka iya gani daga baya. Idan jirgin zai dawo wannan birnin kuma kana da yini bayan sauka, ko zai kwana a tashar a daren farko kamar yadda wasu ke yi a Santambul ko Dubai, ka rage wa ranar farko nauyi.

Sannan duba ranar mako. Jirage da yawa Asabar ko Lahadi suke tashi, wato yininka na kallo zai iya faɗawa ranar da aka rufe abin da ka zo dominsa. Gidajen tarihin Vatican ba sa buɗewa ranar Lahadi sai ta ƙarshen wata, wadda shiga kyauta ne kuma cunkoson ba a magana. Babbar kasuwar rufi ta Santambul tana rufe ranar Lahadi, haka kasuwar La Boqueria ta Basalona. Fadar Topkapı ta Santambul tana rufe ranar Talata. Gidajen tarihi da yawa a Italiya da Sifaniya Litinin ce ranar hutunsu.

Manyan wuraren yanzu da tikiti mai ƙayyadadden lokaci ake shigarsu, kuma yakan ƙare kwanaki ko makonni kafin ranar a lokacin bazara. Haka abin yake a cocin Sagrada Família da lambun Park Güell a Basalona, da tsohon filin wasa na Colosseum a Rum, inda tikitin ke ɗauke da sunanka kuma ana iya neman shaidarka a ƙofa. A Acropolis, tudun tsofaffin gine-ginen tarihi na Atina, tun 2023 aka ƙayyade masu shiga zuwa 20,000 a yini, kuma idan zafi ya tsananta hukuma takan rufe shi da tsakar rana. Sayi tikiti daga shafin wurin na asali. Masu sayarwa na biyu sukan fito a saman sakamakon bincike da suna mai kama da na gaske da farashi mai ninki.

Kada ka sa lokacin tikitin kusa da saukarka. Jinkirin awa biyu a sama zai sa ka yi asararsa. Yammacin ranar sauka na yawo ne a fili, inda hasken rana zai taimaka wa jikinka ya saba da sabon agogo.

Hattara: Colosseum da wurare irinsa ba sa barin a shiga da akwati ko babbar jaka, wasu kuma ba su da ma'ajiya. Wuraren ibada, coci ko masallaci, suna da ƙa'idar sutura. A cikin cunkoson jirgin ƙarƙashin ƙasa da bakin wuraren kallo kuma 'yan sane suna aiki sosai. Ɓatan fasfo ana gobe tafiya yana nufin tafiyar ta ƙare, domin da wuya ofishin jakadanci ya ba ka wani cikin dare ɗaya. Inda doka ba ta tilasta yawo da shi ba, bar shi a akwatin ajiya na otal ka riƙe kwafinsa. Inda dole ne, sa shi a aljihun ciki, ƙarƙashin riga.

7. Abinci

Za ka shiga wurin da abinci ba ya yankewa dare da rana, don haka ba ƙoshi kake nema a birnin ba. Nemi abin da garin ya shahara da shi wanda jirgi ba zai iya yi kamarsu ba, a wurin da ba ya wuce tafiyar minti goma ko sha biyar a ƙafa daga otal.

Gane gidan abincin da aka kafa don tatsar baƙi ba wuya. Akwai mai tsayuwa a ƙofa yana kiran masu wucewa, jerin abincin yana da hotuna da harsuna shida, kuma yana daidai gaban wurin kallo. Shiga lungu biyu ko uku daga nan, ka leƙa inda teburan suka cika da masu magana da harshen garin, inda jerin abincin gajere ne. Tambayi ma'aikacin otal inda shi kansa yake ci, ka ga amsar ta bambanta da wadda zai ba ka idan ka ce ya nuna maka wuri mai kyau.

San lokutan cin abincinsu. A Sifaniya yawancin gidajen abinci ba sa fara na dare sai ƙarfe takwas ko takwas da rabi, a Italiya wajen bakwai da rabi, kuma da yawa suna rufe kicin tsakanin na rana da na dare. A arewacin Turai da wuri ake ci, da wuri ake rufewa. Daren Juma'a da Asabar kama tebur tun kafin ka baro gida, musamman idan kun haura mutum huɗu. Idan akwai abin da ba ka ci saboda addini ko lafiya, rubuta shi da harshen ƙasar a wayarka ka nuna wa mai hidima, ka kuma tambayi abin da aka yi miya ko romo da shi, don a nan abubuwa suke ɓuya.

Hattara da lissafi. A sassa da yawa na Italiya ana ƙara kuɗin zama a kan kowane mutum. A Fotugal, burodi da zaitun da aka ajiye maka ba ka nema ba, in ka ci za ka biya. A gidajen kifi na bakin teku farashin da ke rubuce sau da yawa na giram 100 ne, saboda haka ka sa a auna kifin a faɗa maka kuɗinsa kafin a ɗora a wuta. A Amurka haraji ba ya cikin farashin da ka gani, ana kuma sa ran tukuicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, amma a Miami Beach gidaje da yawa sun riga sun saka shi a takardar, ka duba kada ka biya sau biyu. Idan na'urar kati ta tambaye ka ko a cire da kuɗin ƙasarka ko da na ƙasar da kake, zaɓi na ƙasar da kake, canjin na'urar ya fi tsada.

Abu na ƙarshe a nan, kuma da gaske nake: daren nan ba na gwajin ciki ba ne. Ka guji ɗanyen kifi da ɗanyun kayan teku, da abincin da ya daɗe a buɗe. Kamfanonin jirage suna tambayar lafiyar fasinja kafin shiga, kuma mai amai ko gudawa ana iya killace shi a ɗakinsa ko a hana shi shiga gaba ɗaya, saboda yadda ciwon ciki ke yaɗuwa a jirgi.

8. Daren ƙarshe da safiyar shiga

Kafin ka kwanta, tabbatar ka kammala rajistar shiga ta intanet, ka san lokacin da aka ba ka na isowa tasha. Ajiye takardar shiga a waya yadda za ta buɗe ba tare da intanet ba, ka kuma riƙe kwafi a takarda. Takardun da ake liƙa wa akwati, masu ɗauke da sunanka da lambar ɗakinka, a otal ake ɗaura su. Wanda ya ɗaura tun daga gida yakan tarar sun yage a hannun ma'aikatan filin jirgi. Naɗe takardar yadda aka nuna a jikinta, zagaya ta a hannun akwati, ka ari abin maƙala takarda a teburin karɓar baƙi ka danna sau biyu.

Duba tsarabar da ka saya. Wuƙa, kyandir, dutsen guga, butar dafa ruwa ta lantarki, duk ana ƙwace su a na'urar bincike, kuma akwatin da aka gan su a ciki yakan makara isa ɗaki.

Raba kayanka biyu. Manyan akwatuna 'yan dakon tasha za ka miƙa wa, kuma mai yiwuwa ba za ka sake ganinsu ba sai yamma ko dare. A jakar hannu sa fasfo, biza, takardar shiga, katunan banki, magungunanka, cajar waya da kayan sawa na canji ɗaya. Hattara: taɓa fasfonka da hannunka kafin ka saki kowane akwati. Idan ya tafi cikin babban akwati, kai kana waje ba ka da abin shiga, shi kuma yana cikin dubban akwatuna a cikin jirgi.

Safiyar nan ba ta zuwa gidan tarihi ba ce, sai dai ɗan yawo kusa da otal bayan karin kumallo. Lokacin tashin jirgi daban yake da lokacin rufe ƙofa, wanda galibi yakan riga shi da awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma na takardarka shi ne hukunci. Ɗauki tsawon tafiyar da taswira ta nuna ka ninka shi biyu, ka nufi isa a farkon lokacin da aka ba ka. Biya kuɗin otal tun da dare idan sun yarda, don layin fita da safe yakan yi tsawo a ranar da jirage ke tashi. Buɗe akwatin ajiya na ɗaki ka shafa cikinsa har ƙurya, duba bayan ƙofar banɗaki da soket ɗin gefen gado. Lambar gaggawa ta kamfanin jirgin tana cikin takardunka: saka ta a waya kafin ka shiga mota, kuma idan hanya ta cushe har ka ga alamar za ka makara, kira su tun kana cikin motar.